Hannu a Ƙirji: Yadda Annoba Ke Taɓa Gaisuwarmu

(Laccar da aka gabatar a garin Belbeji, ƙasar Tarka, cikin Damargu)



Ina gaida masu sarauta na ƙasar Tarka da suka halarci wannan zama, Allah ya ja zamaninku. Ina gaida mahukuntan Belbeji. Limamai da malamai, Allah ya gafarta muku. Iyayenmu mata da ke can gefen rumfa, barkanku da fitowa. Ma'aikatan lafiya, malaman lakwal, da samarin fada waɗanda aka ce mini su suka yi ta jidar tabarmi da kujeru tun da sassafe, sannunku da aiki. Waɗanda suka taso daga Tanut da Gangara da rugage na nesa, sannunku da hanya, ina gajiya? Waɗanda kuma suka shirya taron nan har suka ga ya dace su kira ni, na gode, Allah ya bar zumunci.

Kun ga tun da na miƙe ban yi komai ba sai gaisuwa, kuma babu wanda ya ƙosa. Da na tashi kawai na ce "batu na farko", da tuni wani dattijo ya karkata wajen na kusa da shi ya ce: wannan ɗan gidan wa ne, ba a koya masa gaisuwa ba? To, abin da aka ɗora mini in yi magana a kai ke nan: yadda annoba ke sauya gaisuwarmu ta yau da kullum.

Wani zai ce, duk abin da ke damun Damargu, ga ƙishirwa, ga tsadar hatsi, ga lalacewar hanya, sai gaisuwa aka ga dama? Mai wannan tunani ya ba ni aron hankalinsa kaɗan. Daga bakin ƙofar can zuwa kujerar da aka zaunar da ni, hannu 43 na ƙirga na kama. Ban wanke nawa a tsakani ba, ku ma ba ku wanke ba. Da a ce akwai abin da ke yawo a garin nan yau, da mun gama raba shi tun kafin liman ya buɗe taro da addu'a.

Na farko, mu buɗe gaisuwar kanta mu ga abin da ke ciki.

Ina kwana? Ina gajiya? Ina gida, ina yara? Ina mai jiki? Ina sanyi, ko ina zafi, gwargwadon lokaci. In damina ce a tambayi ruwa, in kaka ce a tambayi amfani, in makiyayi ne a tambayi bisashe. Ku lura, rabin tambayoyin nan na lafiya ne. Tun kafin a gina gidan likita na farko a ƙasar nan, gaisuwa ce ke zagaya gari kowace safiya tana duba wanda ya tashi da wanda bai tashi ba. In tsohuwa ba ta leƙo ba, kafin hantsi an sani.

Damargu kuwa mahaɗa ce tun zamanin ayari, tsakanin Abzin da ƙasar Hausa, don haka gaisuwarmu iri-iri ce. Ranar kasuwa ka tsaya wajen masu raƙuma ka kalli Buzaye biyu sun haɗu. Tafin hannu ya zame a kan tafin hannu, a janye, a sake miƙawa, kowace tambaya da tata shafar, sau biyar ko shida, amsa kuwa "alkher ghas", wato alheri kaɗai. Bafillace na jera "foma, foma", murya ƙasa-ƙasa, ido a gefe. Dagira na can da "wushe". Bahaushe ya kama hannu ya kai ƙirji, ya sake kamawa. In kuma a gida ne, gaisuwa ba ta cika ba sai an kawo ruwa, ko an dama fura, ko an ɗora shayi.

Ashe ke nan gaisuwarmu gaɓa huɗu gare ta. Akwai baki, mai tambaya da amsa. Akwai hannu. Akwai ƙafa, wadda ke kai mutum dubiya da barka da ta'aziyya, shi ya sa aka ce zumunta a ƙafa take. Sannan akwai ƙwarya, wato abin da ake sha ko ake ci tare. Ku riƙe mini huɗun nan, don kowace annoba da ƙofar da take bi a cikinsu.

Na biyu, abin da muka gani da idonmu a 2020.

Ranar 19 ga Maris ta waccan shekarar aka ba da sanarwar mutum na farko da ya kamu da korona a Yamai. Cikin 'yan kwanaki aka rufe filayen jirgin sama da iyakoki da makarantu, aka hana taruwa, aka rufe masallatai. Ranar 27 ga wata Shugaba Mahamadou Issoufou ya kafa dokar ta-ɓaci ta lafiya, aka killace Yamai, aka sa mata dokar hana fitar dare. Rediyo kuwa safe da yamma abu guda take maimaitawa: a wanke hannu, a sa takunkumi, a ba da tazara, a daina musafaha. Kun tuna yadda aka karɓi zancen masallatai. A Mirriya matasa suka fito kan titi tun cikin Maris, a Yamai ma aka yi ta ƙone-ƙonen tayoyi dab da azumi, har ranar 13 ga Mayu da aka sake buɗe wuraren ibada.

Wannan duk kun ji a rediyo. Bari in ba ku wanda rediyo ba ta faɗa ba, don a kaina ya faru. Cikin watan Afrilu, ranar kasuwa, na yi kiciɓis da wani dattijo abokin mahaifina, mutumin da ya ci goron sunana. Tun daga nesa ya miƙo hannu, fuska a sake. Ni kuwa ina sanye da takunkumi, sai na dafe ƙirji na rusuna na ce, Baba, ina wuni? Hannunsa ya tsaya a sarari. Ya dubi tafinsa, ya juya bayan hannun ya duba, sannan ya ɗago ya dube ni ya ce: "Ɗana, kuturta ka gani?" Na kusa suka yi dariya, shi bai yi ba. Na shiga kame-kame, ai rediyo ta ce, ai likita ya ce. Ya ce, "To, Allah ya ba likita lafiya," ya mayar da hannunsa cikin riga ya wuce. Sai da na je har gida na tsuguna, da ɗan ƙullin shayi da sukari, kafin ya sake sakin fuska da ni.

Na daɗe ina juya maganar nan. Wa ya yi kuskure, ni ko shi? A wajen likita ni ke da gaskiya, don shi ne tsoho, shi ne cutar ta fi yi wa barazana, ni kuma na fito daga cikin jama'a. Amma abin da na yi nufi da abin da ya isa kunnensa sun sha bamban. Ni ina cewa ina tsare ka, shi ya ji ina ƙyamarka. A al'adarmu ƙin karɓar hannu ma'ana biyu gare shi, ko gaba ko girman kai. Sanarwar da aka fassaro mana daga Faransanci ta zo da ma'ana ta uku, ba ta kuwa zo da ladabin da za a isar da ita ba. An ce wa yaro kada ya ba da hannu, ba a gaya masa yadda zai yi da hannun babansa da ke miƙe a gabansa ba.

Kuma mu faɗi gaskiya, mutane ba su ga gawawwaki a titi ba. A lissafin hukuma, waɗanda suka kamu a Nijar baki ɗaya ba su kai 10,000 ba, waɗanda suka rasu kuwa ɗari uku ne da 'yan kai, alhali zazzaɓin cizon sauro na kwashe dubbai kowace shekara ba a taɓa rufe masallaci dominsa ba. Shi ya sa talaka ya ce cutar masu hawa jirgi ce. Ban ga laifinsa sosai ba. Sai dai ba ƙarya ba ce cutar. Ita ta yi ajalin ministan ƙwadago Mohamed Ben Omar, ɗan jihar nan tamu ta Damagaram, ranar 3 ga Mayu 2020. A Kano kuma, inda da yawanku ke da 'yan'uwa da abokan ciniki, masu haƙar kabari ne suka fara kuka cikin Afrilu cewa aiki ya fi ƙarfinsu, kuma yawancin waɗanda suke binnewa dattawa ne.

Na uku, zancen addini. A nan ina neman afuwar malamai, a gabansu nake, in na karkace su miƙe ni.

Wanda ya ƙi barin musafaha ba taurin kai kaɗai ke gare shi ba, yana da hujja. Ya ji a wa'azi cewa Musulmi biyu in suka haɗu suka yi musafaha, ana gafarta musu kafin su rabu. Wa zai so a raba shi da wannan garaɓasa? Amma malaman da suka karantar da mu wannan su ne suka karantar da mu wani labarin da Imam Muslim ya ruwaito. Lokacin da tawagar Saƙif ta zo yin mubaya'a, a cikinsu akwai mai kuturta. Mubaya'ar maza kuwa da hannu ake yin ta. Sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika masa cewa an karɓi mubaya'arsa, ya koma abinsa. Ku duba yadda aka yi. Ba a taɓa hannu ba, ba a kuma hana mutumin abin da ya zo nema ba. Babba ne ya fara magana, ya ɗauke wa ƙarami nauyin. Abin da na kasa yi ke nan a kasuwa, don ni ne ƙarami.

Sai labarin Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, zamanin annobar Amwas, wadda ta ci sahabbai irin su Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal. Yana kan hanyar Sham aka tare shi a Sarg da labarin annoba, ya yi shawara, ya juya da jama'a. Da aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake, sai ya amsa da misalin da kowane mutumin Tarka zai gane tun kafin a ƙarasa: mai raƙuma ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya kore ɗaya ƙeƙasasshe, duk wanda ya kora dabbobinsa ciki da ƙaddarar Allah ya kora. To ina tambayar makiyayan da ke nan: akwai wanda ya taɓa barin gefe mai ciyawa a Kwarin Tarka ya kai garkensa kan fako, wai don ya nuna tawakkali?

Sallama ita ce aka wajabta amsawa, kuma da baki ake yin ta. Hannu ƙari ne mai lada. In ƙarin zai jawo cuta, ajiye shi na ɗan lokaci bai rage wa sallama komai ba.

Na huɗu, kuma nan ne zan ɗan daɗe: mu ba mabarata ba ne a fagen gaisuwar da babu taɓa jiki.

A 2020 duniya ta shiga neman abin da za ta sa a madadin musafaha, abin har da ban dariya. A Jamus ministan cikin gida ya ƙi karɓar hannun shugabar gwamnati Angela Merkel a gaban 'yan jarida. A Tanzaniya Shugaba Magufuli ya gaisa da Maalim Seif da ƙafa. Wasu suka koma haɗa gwiwar hannu, wasu haɗa dunƙule. Dunƙulen ma yana da hujjarsa: wani gwaji da aka yi a wata jami'a ta yankin Wales a Birtaniya a 2014 ya nuna ƙwayoyin cutar da ke ƙetarawa ta musafaha sun ninka na haɗa dunƙule wajen sau goma. Samarinmu na fada suka ɗauka, ya kuwa yi musu kyau a tsakaninsu. Amma don Allah ku ƙiyasta saurayi ya tunkari mai gari da gwiwar hannu, ko ya miƙa wa surukinsa ƙafa. Ai sai a kira dangi.

Me ya kai mu aro, alhali rumbunmu cike yake? Jinjina fa? Tun kaka da kakanni talaka na dunƙule hannu ya ɗaga wa sarki daga nesa, mahayi na yi daga kan doki, babu wanda ya taɓa cewa an rage wa sarki girma. Cire takalmi a tsuguna fa? Rusunawa fa? Suruki da suruki suna gaisawa shekara talatin, akwai tazarar taku biyar a tsakani, kowa na kallon gefe, kuma wannan ce gaisuwa mafi nauyi a gidan Bahaushe da na Bafillace. Namiji da macen da ba muharramarsa ba ba sa haɗa hannu, amma suna gaisawa har da tambayar kaji. Wato rabin gari dama can ba da hannu yake gaisawa da ɗaya rabin ba. Shi kansa dafe ƙirji namu ne, bayan kowace musafaha can hannu ke komawa. Takunkumi kuwa, da aka kawo shi kamar wani sabon abu, Buzu dariya ya yi. Shi da ya tashi ya tarar da kakansa da amawali a baki, kuma in zai gaida babba ƙara jan sa sama yake yi. A wajensa rufe baki a gaban mutum girmamawa ce. Ba na cewa amawali ya kai takunkumin likita tacewa, amma wanda ya saba da shi ba sai an yi masa dogon wa'azi ba.

Kada kuma wani ya ce gaisuwa ba ta sauyawa. A da akwai afi, mutum ya zube gaban sarki yana ɗiban ƙasa yana zuba wa kansa. Ibn Battuta ya ga ana yi a fadar Mali a 1352, ana yi a Barno, ana yi a ƙasar Hausa, har Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya sa shi cikin al'adun da ya soka. Yau wa ke yi? Su kansu kakanninmu da suka bar shi ba su zama marasa ladabi ba.

Amma ga inda gizo ke saƙar. A tsarinmu wa ke fara miƙa hannu? Babba. Yaro ba ya fara miƙa wa dattijo hannu, talaka ba ya fara miƙa wa sarki, almajiri ba ya fara miƙa wa malaminsa. In babba ya miƙo, ƙarami ya karɓa da hannu biyu. In bai miƙo ba, ƙarami ya tsuguna ya yi gaisuwarsa ya tashi, ba abin da ya ragu. To ashe makullin yana hannun manya. Saƙon 2020 kuwa kan yara da ma'aikata ya sauka, su ne masu rediyo da salula, aka bar su suna ƙin hannun iyayensu. An ɗaura wa jaki kaya ta wutsiya. Da liman ne ya idar da salla ya dafe ƙirji ya juya dama da hagu, da sahu duka ya bi, babu gardama. Da mai gari ne ya zauna a ƙofar gidansa ya ɗaga dunƙule ya ce wa masu zuwa, daga nan ma ta isa, Allah ya yi albarka, da kafin la'asar ta zama al'adar gari.

Na biyar, hannu ya sha zargi fiye da laifinsa, ƙwarya kuwa ta tsira ba a tuhume ta ba.

Korona ta wuce, amma annobar da ta san hanyar gidajenmu tana nan. Sanƙarau na zuwa da hunturu da ƙura, daga sanyi har zuwa faɗuwar ruwa. A 2015 ya kama fiye da mutum 8,000 a ƙasar nan, ya kashe fiye da 500. Daga Nuwamba 2022 zuwa ƙarshen Janairu 2023, a jihar Damagaram kaɗai an lissafa mutum 559, 18 suka rasu, Dungas ce ta fi jin jiki. A 2023 mashaƙo ya ɓulla wajen Matamaye. Waɗannan biyun, da ƙyanda, da ita kanta korona, ta numfashi da tari da atishawa suka fi bi. In ka hana mutum hannu amma kuka shige ɗaki guda mai ƙaramar taga ku goma sha biyar kuna gaida mara lafiya, me ka tsare?

Amai da gudawa kuwa ta ruwa da abinci da hannun da ba a wanke ba take bi. A 2018 ta kama fiye da mutum 3,000, akasari wajen Madarunfa. A 2021 ta dawo ta kama fiye da 5,000 a jihohi da dama, har da tamu. Yanzu ku biyo ni gidan suna. An kawo tuwo, an ajiye kwano guda na ruwan wanke hannu. Babba ya fara tsomawa, na biye da shi ya tsoma, har a zo kan yaro na goma, ruwan ya koma kalar ƙasa. Shi wannan yaron wanke hannu ya yi, ko kuwa tattara dauɗar mutum tara ya yi ya kai baki? Ga ludayi guda yana zagaya ƙwaryar fura. Ga moɗa guda a bakin randa. Ga finjalin shayi, a ɗauraye shi da ɗan ruwan da bai cika cokali uku ba a miƙa wa na gaba. Cikin gida kuma, iyayenmu mata ku gafarce ni, jaririn kwana bakwai na yawo daga hannu zuwa hannu, kowace ta sumbace shi ta ce tubarkalla, har da mai tari.

Na san abin da za ku ce, kuma kuna da gaskiya: ina ruwan? A ƙasar da sai an ɗaura wa raƙumi ko jaki igiya ya yi tafiya mai nisa kafin guga ya leƙo bakin rijiya, wanda ya ce a riƙa wanke hannu a bakin famfo bai san Damargu ba. Bokitan nan masu famfo da aka jera a ƙofar ofisoshi a 2020, nawa ne suka kai damina da ruwa a ciki? Amma muna da buta, kuma babu gidan da ba ta. Ruwan da ke cikin kwanon nan guda, in aka juye shi a buta yaro ya riƙa tsiyaya wa kowa, zai isa mutum goman, kowa kuma da ruwa mai tsabta. In akwai sabuni, madalla, don bincike ya nuna wanke hannu da shi na rage gudawa da kusan kashi ɗaya cikin uku. In babu, toka ta fi babu. Kuma tsiyaya wa baƙo ruwa da buta karramawa ce, babu dattijon da zai ce an ga kuturta a hannunsa.

Na shida, ƙafa da baki.

Abin da ya fi yi wa mutane ciwo a lokacin annoba ba musafaha ba ce. Hana su zuwa ne. A ce maƙwabcinka na kwance kada ka leƙa, a ce an yi rasuwa kada a zauna karɓar gaisuwa. Mutanen Gini da Laberiya da Saliyo sun ɗanɗani wannan a lokacin Ebola, daga 2014, inda fiye da mutum 11,000 suka rasu. Ita Ebola ta ruwan jiki take bi, gawa ma tana yaɗa ta, don haka wankan gawa da jana'iza suka zama manyan ƙofofinta. Da aka zo da ƙarfi ana ƙwace gawa, sai mutane suka koma ɓoye marasa lafiya da binnewa cikin dare. Ba a ga sauƙi ba sai da aka zauna da limamai da dattawa aka samo yadda za a yi sutura da salla ba tare da an taɓa ba, dangi na tsaye daga nesa suna gani. Allah ya tsare Nijar, ba ta shigo ba. Ta dai shiga Legas a watan Yuli 2014, aka taka mata birki cikin wata uku.

Darasin da na ɗauka shi ne, ba a hana Bahaushe zuwa gaisuwa, sai dai a gyara masa yadda zai je. A yi dubiya daga bakin ƙofa, mutum biyu-biyu. A yi zaman makoki a fili ƙarƙashin itace maimakon cikin zaure. Wanda ke nesa ya kira ta salula, kamar yadda 'yan cirani da ke Libiya da Aljeriya da Najeriya suka riga suka saba. Sai dai a kula, salular da ke kawo gaisuwa ita ke kawo jita-jita. Ni kaina wani ɗan'uwana ya tashe ni da tsakar dare daga Kano a 2014, ko ina kwana bai ce ba, wai maza in yi wanka da ruwan gishiri in sha saura, maganin Ebola ne. A Najeriya har rai aka rasa a kan wannan gishirin.

Saura baki, kuma shi ne mai wuyar. Ina kwana? Lafiya lau. Ina mai jiki? Da sauƙi. Mutum na kwance wuya ya sanƙare, ido ya juye, a tambayi mai gida ya ce da sauƙi, alhamdu lillahi. Ban ce a daina ba. Amsar nan godiya ce ga Allah, kuma ba a tarbar mutum da mugun labari a bakin ƙofa. Amma dukanmu mun san akwai tambaya ta biyu, wadda ake yi bayan an zauna an sha ruwa, murya ta sauka. A lokacin sanƙarau wannan tambaya ta biyu ita ce tsakanin rai da mutuwa, don cuta ce da ke iya kashewa cikin kwana ɗaya ko biyu. In ka gaida gida aka ce yaro na zazzaɓi da ciwon kai, kada ka tsaya a Allah ya sawwaƙe. Ka tambaya: wuyansa na lanƙwasuwa? Yana amai? An kai shi gidan likita? In babu abin hawa, ka nemo amalanke ko babur.

Makiyaya za su so wannan. Wajen 1890 bushiya ta ratsa ƙasashen nan ta share garkunan shanu, mai ɗari ya wayi gari da biyu ko babu. Fulanin arewacin Najeriya sun sa wa wannan annoba suna, kuma sunan shi ne Sannu, saboda kalmar da kowa ke faɗa wa kowa ke nan a lokacin. Ita bushiyar an kawar da ita daga duniya, an yi shelar haka a 2011, kamar yadda aka yi shelar kawar da agana a 1980, duka biyun kuwa da allurar rigakafi.

Yau musafaha ta dawo kamar ba ta taɓa tafiya ba, ni ne shaida da hannuna 43. Takunkumi ya koma na 'yan kabu-kabu masu gudun ƙura. Ban yi baƙin ciki ba, don ni ma ina son in kama hannun ɗan'uwana. Roƙona ga masu sarauta da limamai ne, tunda ga hunturu ya ƙarato. Ranar da likita ya zo ya ce muku wani abu ya ɓulla, ku tambaye shi ta wace ƙofa yake bi, ta hannu, ta numfashi ko ta ƙwarya. Sannan ku fara da kanku, ranar Juma'a, a gaban jama'a, ku faɗa da bakinku cewa daga yau zuwa sauƙi hannu a ƙirji ya wadatar. Kada ku bar wa yaranku wannan nauyi. Iyaye mata kuma, kwanon wanke hannu na hannunku, ba ya bukatar jiran annoba.

 Inda na yi daidai daga Allah ne, inda na kuskure ku yafe mini, malamai da likitoci su gyara. An ce mini akwai sauran lokaci kafin azahar, don haka mai tambaya ko ƙarin bayani ko gardama, bisimilla. Ina roƙon a fara ba ɓangaren mata dama, sannan dattawa.